Tartsatsi Mai Washi da Masu Kare Kai

Rigimar da aka fi tuna Tartsatsi mai washin wuƙa da ita ita ce wadda ya sha kaye a cikinta. Har ya tsufa ba ya son a tayar da zancenta, shi ya sa mutanen layi ba sa barin mako ya wuce ba su tayar ba.

A kan zaman lafiya aka yi ta. Wata rana ce aiki ya yi ƙaranci, shi da Mawaƙi, abokin aikinsa mai juya masa dutsen washi, suna zaune a rumfa suna korar ƙuda, baki ya rasa abin yi. Tartsatsi Musulmi ne, Mawaƙi Kirista. Sai Tartsatsi ya ce duk duniya babu addinin da ya kai nasa son zaman lafiya, ko gaisuwarsu ma fatan aminci ce. Mawaƙi ya ce gaisuwa ai ba ta da nauyi, su an umarce su ne su ƙaunaci har maƙiyinsu.

"To me ya hana ka ƙaunar surukarka, Fasto?" in ji Tartsatsi. Haka yake kiransa don tsokana, alhali mutumin ko kujerar gaba bai taɓa zama ba a coci.

"Maƙiyi aka ce, Malam, ba a ce suruka ba. Ita babinta daban."

"Ka ji ko! Addini mai ƙofar baya. Mu cewa aka yi in an cuce ka ka rama daidai, in ka yafe ya fi. Wannan shi ne kayan da ɗan Adam zai iya ɗauka."

"Tun da na san ka, rabin farko kaɗai ka haddace."

"Ni ne ba na yafiya? Ni?"

Tartsatsi mutum ne ɗan firit, in ya tsaya a bayan dutsensa hula kawai ake hangowa. Mawaƙi kuwa sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidansa. Amma fushi bai san awo ba. Tartsatsi ya yi tsalle ya kai masa naushi a ƙirji, yana ihu wai addininsa na aminci ne, wanda ya musa ya fito. Mawaƙi bai rama ba. Ya kama shi a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ya shimfiɗe shi a ƙasa, ya zauna a kansa, ya gyara murya ya ɗauko wata waƙar coci mai sanyi.

Kafin ya kai baiti na biyu layi ya cika.

"Jama'a ku shaida," in ji Mawaƙi, "ban ɗaga hannu ba."

"Ɗaga ni, Fasto! Haƙarƙarina!"

"Ka yafe?"

"Na yafe! Wallahi na yafe!"

"To alhamdu lillahi, kamar yadda kuke cewa. Yau ka kai rabi na biyu."

Da labari ya isa gida, matar Tartsatsi, wadda kowa ke kira Iya, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Shekara da shekaru ina neman maganinka, Maigida, ashe kujera kawai za a mai da kai."

Mutane suna zaton wutar da ke tashi in ƙarfe ya haɗu da dutse ce ta ba shi sunan Tartsatsi. Ba haka ba ne. Uwarsa ce ta laƙaba masa tun bai taɓa ƙarfe ba, don tun yana rarrafe in an taɓa shi sai ya fantsama. Ya gwada dako, ya yi faɗa da mai kaya. Ya gwada aikin gini, ya yi faɗa da magini, da bulo, da tsani. A ƙarshe ya faɗa hannun wani tsohon mai washi kurma, wanda duk zagin da aka yi masa murmushi yake yi, shi ne kaɗai ya iya riƙe shi. Da tsohon ya rasu ya bar masa dutsen, babba, zagayayye kamar tayar babbar mota, a kan sandar ƙarfe, da gwangwani mai ɗan huji a rataye sama yana ɗiga masa ruwa.

Dutsen nan mutum ɗaya ba ya aiki da shi. Sai wani ya juya, wani ya riƙe ƙarfe. Tartsatsi ya kori masu juyi har mutane suka daina tambayarsa ina na jiya. Wannan yana fizga, wancan yana gyangyaɗi, wancan in mace ta wuce hannunsa sai ya bi idonsa. Rannan wani ƙaton ɗan dako ya kawo gatari, ya tarar babu mai juyi, ya kama da kansa yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Tartsatsi ya ɗora gatari, sai ya ji dutse yana tafiya sumul kamar ruwa a kwata, babu fizga, babu tangarɗa. Ya ɗago ya dubi mutumin sama da ƙasa, abin da ya ɗauki lokaci, ya ce, "Gobe ka zo da wuri." Shi ke nan ɗaukar Mawaƙi aiki. Daga baya mariƙin katako ya karye a hannun Mawaƙi, ya je wajen maƙeri aka yi masa na ƙarfe daidai tafinsa. Kullum da yamma sai ya zare shi ya tafi da shi gida, kada yara su yi wasa da dutse. Saboda haka dutse na Tartsatsi, mariƙi na Mawaƙi, kowanne in babu ɗan'uwansa kayan shara ne.

Sirrin kuwa waƙar ce. Hannun Mawaƙi bakinsa yake bi. In waƙa ta yi sanyi dutse ya yi sanyi, in ta yi zafi dutse ya yi gudu. Tartsatsi bai taɓa yarda ya san abin da waƙoƙin ke cewa ba, sai ya raɗa musu sunayen aiki. Wadda ake yi wajen binne mamaci ita ce "ta aska," don askar mai aski lallaɓawa take so. Akwai "ta almakashi," mai tafiyar raƙumi. Wadda ake yi ranar ɗaurin aure, mai tafi, ita ce "ta gatari." Sai ka ji mutum mai tabon sujada a goshi yana daka tsawa, "Ba ni ta gatari, Fasto, ka saki murya!" Masu tsegumi suka ce ina aka taɓa ganin mai salla yana cin abinci da waƙar coci. Ya ce, "Ni kunnena ba ya ji, dutse ne ke ji. Dutse kuwa ba za a tambaye shi a kabari ba." In an kira salla, Mawaƙi yakan yanke waƙa ko a tsakiyar kalma ce. Tartsatsi ya ce wannan nasara ce ta addininsa. Mawaƙi ya ce hutun kafaɗa ne.

Doka ɗaya ce a rumfar, kuma ba a taɓa ɗaga wa kowa ita ba. Duk wanda ya miƙo ƙarfe, sai Tartsatsi ya tambaye shi, "Me za ta yanka?" Ba gulma ba ce, ko da yake gulmar ma ba ya ƙi. Kaifin albasa daban, na ƙashi daban, na yadi daban, na itace daban. In ka ba wuƙar albasa kaifin gatari, matar gida za ta dawo ta wanke ka tas. Da yake kuma babu wani dutsen a duk unguwar, daga wannan gefen titi har wancan, babu ƙarfen da ke yanka wani abu wanda bai bi ta hannunsa ba. Ya san wuƙar da ake buɗe gwangwani da ita a ɓoye, ya san maigidan da ke yanke farce da almakashin matarsa.

Haka suka tsufa tare, suna musu kullum kan wanda Allah zai ba wa mamaki ranar ƙarshe, har shekarar da labari ya zo.

A wani gari ne can nesa aka yi tashin hankali, garin da yawancin mutanen layi ba su iya nuna inda yake ba. Amma waya ta kawo shi har cikin ɗaki. Abin mamaki, wayar Musulmi gawar Musulmi kaɗai take nunawa, ta Kirista ta Kirista. Titin da ya raba unguwa, Musulmi a wannan gefe Kirista a wancan, wanda da akuya ma ba ta ɗauke shi komai ba, sai ya fara faɗi a idon mutane. Mai sayen burodi ya fara duba goshin mai sayarwa.

Tartsatsi yana da ƙane, Mai Katako, mutum mai tumbi da tabarau, wanda ya yi karatun addini da gaske, ba irin na yayansa ba da aka koro daga makaranta saboda cizo. Rumfar washi kuwa jingine take da bangon shagonsa, a kan filinsa. Wata rana bayan la'asar ya shigo gidan yayansa da buhu a kafaɗa. Da ya ajiye, buhun ya yi ƙara irin wadda Tartsatsi ya sani ko cikin barci.

"Yaya, adduna ne. Na mutanenmu. A wasa su."

"Me za su yanka?"

"Haba Yaya, ni ma sai ka yi mini wannan?"

"Ko liman ya zo sai ya faɗa. Ciyawa? Itace? Wanne daga cikinku ke da gona?"

Mai Katako ya cire tabarau ya goge, ya zauna ya yi bayani, kuma gaskiya bayanin ya tsaru. Ya ce addini bai ce mutum ya naɗe hannu a yanka shi ba. An ba wanda aka zalunta izinin kare kansa da iyalinsa. Ya ce ba za su taɓa mace ba, ba yaro, ba tsoho, ba mai ibada a ɗakin ibadarsa, duk ya san ƙa'idojin, ya jero su kamar mai jera katako.

"Duk na yarda," in ji Tartsatsi. "In wani ya tsallako gidan nan, da kujerar nan zan fasa masa kai, in yi alwala in yi sallata hankali kwance. Amma wa ya tsallako?"

"Sai ka jira ya tsallako? Sai an ɗora wa Iya wuƙa a wuya sannan za ka nemi dutse?"

Iya ce ta leƙo daga madafi ta ce, "Ku bar wuyana inda yake, Ƙanen miji. Bai aiki kowa ba."

Mai Katako ya miƙe. Ya ce akwai magana ta biyu. Dole Mawaƙi ya daina zuwa rumfa. Mutum yana zaune yana ganin duk ƙarfen da ke shiga da fita, da yamma ya tsallaka titi, wa ya san wanda yake ba labari? "Ko ka sallame shi ka yi mana aiki, ko ka nemi wani bangon da za ka jingina. Ni ma ana dubana, Yaya."

"Ɗauki buhunka," in ji Tartsatsi. "Yana tsorata kaji."

Washegari bai sami damar ƙin sallamar Mawaƙi ba, don Mawaƙi bai zo ba. Bai zo ba jibi, bai zo ba gata. Dutse ya tsaya babu mariƙi, gwangwani yana ɗiga ruwa a banza. Tartsatsi ya cusa sanda a ramin mariƙi, ya lallaɓo Iya ta juya masa. Ta juya, amma ita bakinta mita yake bi, mita kuwa ba ta da ƙa'ida, sai ta yi sama ta yi ƙasa. Suka lalata wuƙar mahauci, mahauci ya tafi yana ambaton kakanninsu. Iya ta jefar da sanda ta ce, "Je ka nemo matarka ta rumfa, ni ban iya waƙa ba."

Ya sa hularsa, wadda ba ta barin kowa cikin shakkar addininsa, ya nufi titi da rana tsaka. Masu shaguna suka bi shi da ido. Wani ya ce, "Baba, ina za ka? Can ba lafiya." Ya ce, "Nan ɗin lafiya ce?" Ya tsallaka. A ɗaya gefen ma ido ne, tagogi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Yana jin tsoro, kada a ce ba ya ji, amma taurin kai ya fi tsoro ƙafa.

Ya tarar da Mawaƙi zaune a tsakar gida kan benci, hannuwansa zube a cinya kamar ba nasa ba. Babban ɗansa, Direba, wanda Tartsatsi ya ɗauka a kafaɗa yana jariri, yana tsaye jikin motarsa. A bayan ƙofa ga buhu, shi ma irin mai ƙarar nan.

Direba ya rusuna ya gaishe shi. Tarbiyya ba ta bar shi ba. Sannan ya ce, "Baba, ina ganin girmanka, amma tsohona ba zai koma ba. Ba zai juya dutsen da za a wasa abin yanka jikokinsa ba. Mariƙin yana bayan mota, na kulle."

"Wancan buhun fa? Na me ne, ɗana? Gyaɗa?"

"Na kare kai ne."

"Na gaya masa," in ji Mawaƙi, murya a dushe. "Na ce wanda ya zare takobi don ya kare Ubangijinmu ma cewa aka yi ya mayar cikin kube. Na ce an ce in an mare ka ka juya ɗaya kuncin."

"Kuncina, Baba," in ji Direba. "Nawa. Zan juya shi har ya kumbura. Amma ba wanda ya ce in juya kuncin 'yata. Makiyayin da ya ga kura ya tsaya yana waƙa, makiyayi ne?"

Mawaƙi ya sunkuyar da kai. Shi ma an ƙure shi kamar yadda aka ƙure abokinsa. Tartsatsi ya dubi saurayin, ya karkata kai.

"Kai da ƙanena nono ɗaya kuka sha ne? Kalma ba ta bambanta ba. Shi ya ce wuyan Iya, kai ka ce kuncin 'yarka. Ni dai ban iya musu da masu ilimi ba, an kayar da ni a can, an kayar da ubanka a nan. Amma ina da almakashin Maɗinkiya a rumfa, ta ce in ban gama ba za ta ɗinke mini baki. Fasto, za ka tashi ko sai na ɗauke ka?"

Wani abu ya motsa a fuskar Mawaƙi. Ya dafa gwiwa ya miƙe, sai da bencin ya yi ajiyar zuciya. Ya miƙa wa ɗansa hannu. "Makulli."

"Baba, ba zan bayar ba."

"To." Mawaƙi ya taka zuwa gaban mota, ya juya mata baya, ya fara gyara wando zai zauna a kanta.

"Ba shi makulli, ɗana," in ji Tartsatsi da sauri. "Na san nauyin mutumin nan. Har yau in za a yi ruwa haƙarƙarina ke fara gaya mini."

Haka suka tsallako titi tare, dogo da gajere, mariƙi a kafaɗar dogon. Da suka isa rumfa Tartsatsi ya ce a ba shi ta gatari, alhali almakashi ne a hannunsa. Ba don aiki ba, don kawai ta ratsa bangon katako.

Maza suka ƙaurace musu. Wasu suka daina amsa sallamar Tartsatsi a ƙofar masallaci, shi kuwa sai ya ƙara ƙarfin murya ya maimaita, har mutum ya amsa don kunya. An ce a coci ma an bar wa Mawaƙi benci shi kaɗai, ya ce dama tun tuni yake neman wurin miƙe ƙafa. Mata ne ba su bi dokar ba. Albasa ba ta san ana rikici ba, kuma babu mijin da ya hana zuwa rumfar da ya yarda ya karɓi aikin yankan. Suka riƙa zuwa daga gefe biyun, wuƙaƙe naɗe a tsumma, suna zagin maza da murya ɗaya. Mai Katako ya aiko cewa ƙarshen mako za a kwance rumfa. Tartsatsi ya ce a gaya masa ya zo da kansa, kuma ya zo da guduma mai kyau, don ƙusoshin na ubansu ne.

Ƙarshen makon bai zo ba sai da wayoyi suka sake magana. Wannan gefen aka ce yau za su shigo. Wancan gefen aka ce yau za su shigo. Da hantsi Tartsatsi yana zuba ruwa a gwangwani, ya ɗago ya ga ƙanensa tafe da jama'a a bayansa, kowa da ƙarfe naɗe a buhu. Ya waiga ɗaya hannun, ga Direba ya tsallako titi da tasa jama'ar, su ma haka. Ina za su? Dutse ɗaya ne a unguwa. Addar da ta shekara ƙarƙashin gado ko kabewa ba ta fasawa, kowa kuma ya gwada tasa da safen ya ji kunya.

Suka yi cirko-cirko, waɗannan dama da rumfa, waɗancan hagu, dutse a tsakiya. Wasunsu ajinsu ɗaya a makaranta. Wani yana bin wani gaisuwar rasuwa. Ba wanda ya san inda zai ajiye idonsa.

"Layi," in ji Tartsatsi. "Nan ba a tsallake layi. Wa ya riga zuwa?"

"Ni," in ji Maɗinkiya, wata dattijuwa mai allura soke a ɗankwali, wadda ke zaune kan bencin jira tun da sassafe da wani almakashin. "Kuma wanda ya tsallake ni zan rage masa tsawon wando yana ciki."

"Me zai yanka?"

"Yadin amarya, Tartsatsi, kamar ba ka sani ba."

"Fasto, ba ni ta almakashi. A hankali."

Muryar Mawaƙi ta fito da kyar, ta karye, ta sake kamawa. Dutse ya fara juyi. Maza majiya ƙarfi, riƙe da kayan yaƙi, suka tsaya cikin rana suna kallon tsoho yana lallaɓa almakashi, ya ɗaga ya duba a haske, ya mayar, ya gwada a ƙyalle, ya girgiza kai, ya sake mayarwa. Bai taɓa daɗewa kan almakashi haka ba, Maɗinkiya kuma ba ta taɓa yin haƙuri haka ba. Zufa ta fara bin wuyan mutane. Buhu ya fara nauyi, wasu suka sauke nasu ƙasa.

Da ya gama, Mai Katako ya matso ya zube buhunsa. "Yaya, yau ba ranar wasa ba ce. Ko ka yi, ko rumfar nan ta kwana a ƙasa."

"Me za su yanka?"

"Ka sani. Kare kai za mu yi. Ba mu nufin kowa da sharri, amma wanda ya kawo mana hari zai tarar da mu a shirye. Addini ya yarda."

Tartsatsi ya juya hagu. "Kai fa, ɗana? Me za su yanka?"

"Kare kai, Baba. Mu ba mu taɓa fara taɓa kowa ba. Ko a wajenmu ba laifi ba ne mutum ya tsare gidansa."

"Ku ne ba ku taɓa farawa ba?" wani ya ce daga dama. Wani ya mayar daga hagu. Nan take musu ya kaure, irin wanda tsofaffin biyu suka shekara suna yi, sai dai wannan babu dariya a ciki. Wannan ya ce littafinku cike yake da yaƙi, wancan ya ce naku fa, ku da kuka zagaye duniya da bindiga. Kowa yana rantsuwa addininsa ne na aminci, hannunsa a bakin buhu. Tartsatsi ya san inda irin wannan musun ke ƙarewa, shi da ya taɓa ƙare shi a ƙarƙashin mutum. Ya ɗauki ƙotar gatari ya buga wa gwangwanin ruwa har sai da kunnuwa suka yi ƙara, ya haye kan kujerarsa don a gan shi. Ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa, dama da hagu, yana tambaya, kai hari za ka kai ko kare kai? Kai fa? Kai fa, mai jar riga? Kowa ya ce kare kai. Ko mutum ɗaya bai ce hari ba.

Abin da ya faɗa bayan nan bai gyara duniya ba, can garin nesa an ci gaba da binne mutane, kuma akwai waɗanda har yau ba sa gaishe shi. Amma a layin nan ba a wasa adda ko ɗaya ba. Maɗinkiya ce ta fara fashewa da dariya, wani daga hagu ya kama, wani daga dama ya rufe baki da hula, mutum kuwa ba ya iya dariya yana riƙe da buhun adduna bai ji kansa wani iri ba. Direba ya ɗauki nasa ya juya. Mai Katako ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, ya shige shago, guduma ba ta fito ba ranar, ba ta fito ba bayanta. Rumfar tana nan jingine da bangonsa, in ka wuce da hantsi za ka ji waƙar coci tana juya dutsen Musulmi.

Ga abin da ya ce, yana tsaye kan kujera, hula a karkace:

"To madalla. Waɗannan masu kare kai, waɗancan masu kare kai. Ashe mai kawo harin ne bai iso ba tukuna. Ku koma gida ku sha ruwa. Duk unguwar nan dutse ɗaya ne, shi ma tasa addar a dakushe take, nan zai kawo ta. In ya zo zan sa shi a layi bayan Maɗinkiya, in aika a kira ku."